Numfashin Motar Asibiti

Da safiyar Talata motar asibitin Kurlapi, ƙaramin gari mai nisa da birni, ta ƙi tashi. Lionel, direbanta, ya murɗa makulli sau uku, ko tari ba ta yi ba, sai wani ɗan ƙas-ƙas kamar an taka busasshen ƙwaro. A cikin asibitin surukinsa yana kwance, tsohon nan uban matarsa Doreen da yayanta Garnet, ƙirjinsa na hawa da sauka da kyar, Sista Noeline riƙe da robar iska a hancinsa. Jirgin likita ya riga ya taso daga birni, zai sauka a filin da ke kilomita ashirin da biyu daga gari. Motocin gari kuwa duk sun tafi wasan ƙwallo a kudu tun Juma'a, ba a bar komai ba sai waɗanda ke zaune kan duwatsu babu taya.

Kafin a ciro batirin injin rijiya, a turo shi a baro, a haɗa, minti hamsin sun wuce. Tsohon ya cika a hanya, daidai mashigin busasshen rafi na biyu, jirgi na tsaye yana jiransa.

Batirin motar sabo ne, watansa biyu. Wannan kowa ya sani, domin ranar da aka kawo shi rabin gari ya tsaya kallo. Abin da ba a sani ba shi ne wanda Sista ta faɗa a bakin asibiti da ta dawo da gawar, hankalinta ba a jikinta ba: mitar motar ta ƙaru da kilomita ɗari da arba'in a kan yadda ta bar ta ranar Juma'a, kafin ta bi jirgin wasiƙu zuwa birni hutun ƙarshen mako. Makulli kuma a hannun Lionel ta bar shi.

Zuwa Laraba da masu ƙwallo suka dawo, labari ya riga ya yi fuka-fuki. Wasu suka ce giya ya je ɗaukowa a kan babban titi. Wasu suka ce mace yake da ita a can. Duk suka haɗu a kan cewa ya dawo a buge ya bar fitila a kunne. Lionel ba ɗan Kurlapi ba ne, aure ya kawo shi, kuma baƙo shi ne ganga mafi kusa da hannu. Da aka tambaye shi inda ya je, sai ya sunkuyar da kai.

Garnet bai yi kuka a gaban mutane ba. Yana filin ƙwallo ubansa ya mutu, kuma ya san kowa ya san haka. Ya aika wa baffanninsa na arewa su zo ranar Alhamis. Sa'an nan ya zauna a bayan gidansu yana gyaran bakin mashi. Hukuncin da ake yi wa wanda sakacinsa ya ci rai ba ya buƙatar bayani a Kurlapi: mutum ya tsaya a fili, ya miƙa cinya a soke ta da mashi.

*

Doreen ce ta zo wurin kawunsu Ambrose, gashinta a yanke, fuskarta shafe da farar ƙasar makoki. Ta zauna nesa kaɗan.

"Kawu, na rasa uba jiya. Gobe yayana zai soki mijina. In mashin ya sami jijiya, mutum uku ke nan na rasa, don shi ma Garnet ɗaure shi za a yi."

Ambrose ya tambaye ta ko mijin ya faɗa mata inda ya je. Ta ce ranar Asabar ta bi mata farautar guza tun da safe, ta bar masa tsohon ya kula da shi. Da ta dawo da yamma ta tarar da su biyun a gida, tsohon yana barci. Tun jiya take roƙonsa ya yi magana, ya ƙi.

Ambrose ya haura sittin. Da ƙuruciya ya yi wa 'yan sanda bin sawu, ya tsinto masu yawon buɗe ido da suka ɓata, ya tsinto shanun da aka sace. Sau ɗaya kuma ya bi wani mutum kwana huɗu har ya same shi, abin da ya biyo baya ya sa ya ajiye aikin. Tun daga nan yake cewa sawu ba ya ƙarya, amma ba ya tausayi, kuma wanda ya fara bin sa ba shi ke zaɓar ƙofar da zai kai shi ba. Ya so ya ce mata ta jira 'yan sanda. Amma 'yan sanda sai Litinin.

Ya ɗauki hularsa.

A bakin asibiti ya tsaya yana kallon ƙasa, ko da yake ya san abin da zai gani. Mata sun riga sun bi da rassan ganye sun share duk inda ƙafar mamacin ko tayar keken guragun da ake tura shi a kai ta taɓa, daga ƙofar gidansa har rumfar motar, kamar yadda ake yi. Sunansa ma an ɗauke shi daga bakin kowa. Ƙasar ta kwanta lumui, babu komai a kanta sai zanen ganye da sawun wani kare. An turara motar da hayaƙi, an mayar da ita rumfarta. In akwai wanda ya zo wurinta a kwanakin nan uku, tsintsiya ta yafe masa.

*

Sista Noeline ta buɗe masa bonet, idanunta jajir. Watanta uku kacal a garin. Ta ce ita ta fara zargin kanta, don akwai ƙaramin firjin magani a bayan motar, ta yi tsammanin ta bar shi a kunne. Ambrose ya leƙa ya ga filogin firjin a naɗe, an ɗaure shi da roba, ƙura ta kwanta a kansa. Fitilu kuma ta ce ta duba da kanta a safiyar, duk a kashe suke, har ta cikin rufi.

"Da ban ambaci maganar mita ba," in ji ta.

Ambrose bai lallashe ta ba. Ya tambaye ta abu ɗaya: da motar ta tashi a murɗin farko, tsohon zai rayu? Ta ce ba ta sani ba. Ta ce da ta sani, ko wanne ne, da ta fi samun barci.

Wata magana da ke yawo ita ce an yi musanyar batir, an ɗauke sabon an dasa mushe. Mutum ɗaya ake nufi, Cedric, wanda bayan gidansa maƙabartar motoci ce, kuma bai je ƙwallo ba. Ambrose ya same shi kwance ƙarƙashin wata akwala, ƙafafunsa kawai a waje. Abokan wasa ne tun suna samari.

Ya shuri tafin ƙafarsa. "Fito, ɓarawon batir."

"Wa ke nan? Au, makahon mai bin sawu. Na ji an ce yanzu ko sawun raƙumi sai an zagaye maka shi da fenti."

"Na ga naka dai. Ƙafar hagu tana ja, kamar ta wanda ya ɗauki abu mai nauyi daga asibiti."

Cedric ya fito yana goge hannu, dariyar ta gushe daga fuskarsa. Ya ce shi ne ya turo batirin rijiya a baro da ƙafar nan tasa mai ciwo, amma yau mata na ganinsa suna kawar da kai. Ya ce ya ciri abubuwa da yawa a rayuwarsa daga motocin da masu su ba su gama yafewa ba, wannan bai musa ba, amma motar asibiti ita ta kai uwarsa filin jirgi.

Ambrose ya ce ya sani. Akwai gidan zanzaro a kan ƙarfen da ke riƙe da batirin, ya bushe sarai, ya haɗe noti da ƙarfe. Ba a kwance notin nan ba tun da aka ɗaure shi.

"To don me ka zo kana shurina?"

"Na ga ƙafa a banza."

Lionel yana zaune a bayan coci, inda babu mai zuwa. Ya miƙe da ya ga Ambrose, ya sake zama. Bai yi musu ba. Ya ce ya fita da motar ranar Asabar da hantsi, ya dawo kafin rana ta faɗi, ya kashe komai, ya kulle. Giya rabonsa da ita shekara shida, kawu ma ya sani.

"Ina ka je?"

"Ba zan iya faɗa ba, kawu."

"Ko ni?"

"Alkawari na ɗauka. Wanda zai kwance ni kuma ba ya nan."

Ambrose ya dube shi da kyau. Ya ga tsoro, amma bai ga kunya ba, kuma ya san bambancinsu. Lionel ya shafa cinyarsa ta dama ya ce in dai Garnet ya nufi tsoka, zai warke cikin wata guda. Ya ce ko ta yaya aka juya, makulli a hannunsa yake.

*

Thelma, matar Ambrose, ita ta tuna masa da gidan da ke manne da rumfar motar. Uwarta ce a ciki, tsohuwa wadda idonta ya tafi amma kunnenta na jin tafiyar tururuwa. Shekara talatin da biyar Ambrose bai taɓa kallon fuskarta ba, bai taɓa faɗar sunanta ba, bai taɓa zama a inuwa ɗaya da ita ba. Haka ake yi da uwar mata. In ta fito shago, shi ya bi ta bayan makaranta.

Da safiyar Alhamis ya tsaya bayan tankin ruwa ya juya wa gidan baya, Thelma ta shiga. Ya ji tana tambaya ƙasa-ƙasa. Sai ya ji tsohuwar ta ɗaga murya tana yi wa karenta magana.

"Kai Baƙi, zo ka ji. Akwai masu ido biyu a garin nan da suke ta leƙen ƙasa, alhali abin ba a ƙasa yake ba. Na gaya wa mata tun Lahadi motar nan tana nishi, suka ce tsufa ne ke damuna."

Thelma ta ce wane irin nishi.

Tsohuwar ta ci gaba da gaya wa karen. Ta ce tun yammacin Asabar abin ya fara, babu kowa a ciki, babu ƙafar da ta zo kusa. Motar za ta yi gurnani kamar saniya mai naƙuda, ta yi shiru, can ta sake. Da fari jefi-jefi. Ranar Lahadi kuwa kafin ka shanye kofin shayi ta sake yi. Ranar Litinin muryar ta dushe, tana ja da kyar, da rana ta yi tsaka sai ta daina. Ita dai ta ɗauka motar kiran tsohon nan da ya rasu take, tun da ta saba ɗaukarsa.

"Ka gaya wa mai laɓe a bayan tanki," in ji ta, "tabata ta ƙare."

Ambrose ya ajiye rabin tabarsa a kan murfin tankin, ya wuce.

*

Motar asibiti ba kamar sauran motoci take ba. A bayanta, maimakon ƙarfen sifirin, jakunkunan roba ne guda biyu cike da iska, da ɗan injin da ke hura su. In za a shigar da gado ko keken mara lafiya, sai a danna maɓalli, iska ta fita, bayan motar ya durƙusa. In an gama, injin ya hura, ta miƙe. In kuma gefe ɗaya ya yi ƙasa saboda kaya, ita da kanta take ji ta ƙara iska.

Batirin ya sami caji a tafiyar filin jirgi, Cedric kuma ya ƙara masa da safe. Ambrose ya ce wa Sista ta kulle motar ta sa makulli a aljihunta. Ya tsinko karan ciyawa biyu, ya kafa su a yashi, ɗaya a ƙarƙashin kowane gefen bamba na baya, kan kowanne yana shafar ƙarfe. Ya zauna a ƙasa ya harɗe ƙafa.

Rana ta take. Kwanon rumfa yana ƙara don zafi. Daga sansanin makoki a gefen gari ana jiyo kukan mata yana tashi yana sauka. Sista ta fara magana, ya ɗaga mata hannu. Motoci biyu suka shigo gari ta hanyar arewa, cike da maza, ba su tsaya ko'ina ba sai gidan Garnet.

Karan dama yana tsaye. Na hagu ya fara lanƙwasa, a hankali, kamar mai gyangyaɗi.

Sai motar ta yi gurnani.

Sista ta dafe aljihunta. Injin iska ya yi ta aiki, bayan motar ya ɗago, karan hagu ya miƙe, komai ya yi tsit.

Ambrose ya sa ta kawo ruwan sabulu. Ya shiga ƙarƙashi da bayansa, ya shafa wa jakar hagu. A cikin wani lanƙwashin roba kumfa ta fara tasowa, ƙanana, ba ta yankewa. Ya sa filaya ya zaro abin da ke wurin. Sartse ne, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, baƙi, mai tauri kamar ƙashi. Ya kankare shi da farce ya kai hanci.

Ya daɗe a kwance a wurin. Itacen nan ba ya fitowa a hanyar babban titi, ba ya fitowa a hanyar filin jirgi. Wuri ɗaya yake fitowa a duk ƙasar, a gindin duwatsun yamma, kilomita saba'in daga gari, wuri mai tsarki da ba a ambata a gaban mata, inda aka yi wa mamacin bikin shiga sahun maza shekara sittin da suka wuce. Saba'in zuwa, saba'in dawowa.

Da a nan sawun ya ƙare da ya yi murna. Amma Ambrose ya san mota. Wadda aka kashe barci take yi. In jakarta ta huje, sai ta zauna a gefe ɗaya ta jira gari ya waye, batirinta lafiya lau. Ya tambayi Sista tun yaushe motar ke durƙusawa tana miƙewa ba tare da an tayar da inji ba. Ta ce haka ta same ta, ta ɗauka haka aka ƙera ta.

Ya bi wayar injin iska da yatsa, daga baya zuwa gaba, kamar yadda yake bin sawun dabba a cikin ciyawa. Kusa da batir ya sami inda aka yanke ta daga hanyarta, aka haɗa ta da wata jar waya da ta tafi kai tsaye kan batir. Ya warware baƙin salatif. Aikin tsaf yake, an fere wayoyin biyu daidai, an murɗe su sau bakwai, an lanƙwasa bakin ciki irin ɗaurin shingen shanu. Sai dai murɗin ta hagu ya tafi.

Shi ya koya wa yaran garin ɗaurin shinge a lokacin da yake aiki a gidan gonar shanu. Ɗaya ne kawai a cikinsu ya yi ta faɗa da shi a kan murɗin hagu har ya gaji ya ƙyale shi, don bahago ne. Ya kuma tuna yadda tsohon yake tari kamar zai amayar da huhu duk lokacin da aka tsayar da kekensa a bayan motar, hayaƙin salansa na bugun fuskarsa, don a lokacin sai an tayar da inji motar ke durƙusawa. Ya tuna cewa tun wajen watanni biyar bai ƙara jin tarin nan a bakin asibiti ba.

Ya datse mahaɗin da filaya, ya mayar da wayar hanyarta. Sartsen ya sa a gwangwanin tabarsa, guntun wayar a aljihun riga.

Sista ta ce me ya gani. Ya ce jaka ce ta huje, ta aika a kawo wata.

A hanyar gida abin ya yi ta cin sa. Cinya tana warkewa a wata guda, Lionel da bakinsa ya faɗa. Abin da ke aljihun rigarsa kuwa, in ya shiga mutum ba ya fita. Wane ne ya fi cancanta a tausaya wa, wanda za a soka ba da haƙƙinsa ba, ko wanda za a gaya wa gaskiyar da ba ta da magani? Ya yanke cewa zai fito da sartsen kawai. In ya isa, wayar ta tafi rijiya.

*

Da la'asar aka taru a filin da ke tsakanin shago da sansanin makoki. Mata a gefe ɗaya da farar ƙasa a fuska, Doreen a cikinsu. Dattawa a ƙarƙashin bishiya, da Wilfred, babban baffan Garnet da ya zo daga arewa. Cedric ya raɓe jikin shago. Sista ta tsaya can baya da jakar ɗinki a hannu, kowa ya ga jakar. Lionel ya fito tsakiyar fili da gajeren wando, ya tsaya. Garnet yana fuskantarsa, mashi a hannun hagu.

Ambrose ya shiga tsakaninsu ya nemi izinin dattawa. Wilfred ya ce ya yi maza.

Ya ce ba a taɓa batirin ba, Cedric ɓarawo ne amma ba na wannan ba. Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Ya ce ba firji ba ne, ba fitila ba ce. Ya ce jakar iskar motar ce ta huje, injinta ya kwana biyu yana hura ta har ya shanye batirin, kuma akwai wadda ta ji tun ranar Asabar aka ce tsufa ne. Sa'an nan ya je gaban Wilfred ya buɗe gwangwanin taba, ya kare shi da hularsa.

Wilfred ya ɗauki sartsen ya shinshina. Ya miƙa wa na kusa da shi. Haka ya zagaya dattawan ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya karɓa sai ya dubi yamma. Wilfred ya ce mata su ja baya. Suka tashi suka koma bakin sansani, suka juya baya. Ya kira Garnet ya sa masa abin a hanci.

"Shi ya sa ka ka kai shi can?" Wilfred ya tambayi Lionel.

Lionel ya dubi Ambrose, ya dubi ƙasa. "Ya ce in bai ga wurin ba yanzu, ba zai ƙara gani ba. Ya ce kada in gaya wa Garnet, zai ji ciwo."

Fuskar Garnet ta canza. Ya ce sau uku tsohon ya roƙe shi ya kai shi, sau uku yana cewa likita ya hana, a bari ya ji sauƙi, a bari a dawo daga ƙwallo. Sai ya mayar da abin fushi.

"To ni na hana don ya rayu. Shi ya ɗauke shi a bayan idona, ya shiga da motar asibiti cikin itatuwa, ya huda ta, ya dawo ya ajiye bai duba ba. Ba giya ba ce, na ji. Amma hannun wa ke kan sitiyari? Baffa, ka ce ƙarya nake."

Wilfred ya kawar da kai. Dattawa suka yi ta kallon ƙasa. Lionel ya koma inda yake, ya gyara tsayuwa, ya turo ƙafar dama gaba. Garnet ya ɗaga mashin ya auna.

Ambrose ya ji guntun wayar yana sukar ƙirjinsa ta cikin riga.

"Huda ba ta shan batir, ɗana," in ji shi. "Motar da aka kashe barci take yi. Ko jaka biyu ta huje, da safe za ta tashi. Sai in wani ya hana ta barci."

"Wa?"

Ambrose ya taka har gabansa, bakin mashin yana daidai kafaɗarsa. Ya rage murya yadda babu mai ji sai su biyu da Lionel.

"Ba ni hannunka na hagu."

Garnet ya dube shi kamar zai ƙi. Amma kawunsa ne, shi ya koya masa ɗaurin shinge. Ya mayar da mashin hannun dama, ya miƙo hagun. Ambrose ya ɗora masa guntun wayar, ja da baƙa, murɗi bakwai.

Garnet ya juya ta sau ɗaya. Ya bi murɗin da babban yatsa, yatsan ya tafi daidai yadda murɗin ya tafi. Ambrose ya ga lokacin da ya gane, ya kuma so a ce bai gani ba.

"Hayaƙi ne," in ji Garnet, da wata murya ƙarama. "Hayaƙin ke sa shi tari."

"Na sani."

"Wata biyar tana aiki lafiya."

"Na sani. A lokacin jakar ba ta huje ba ne."

Daga ƙarƙashin bishiya Wilfred ya ce me aka ba shi. Ambrose ya ce kayan Garnet ne.

Mashin ya zame daga hannun dama, hannun da bai saba riƙe shi ba, ya kwanta a yashi. Garnet bai ko dube shi ba. Ya daɗe yana kallon wayar, sa'an nan ya ɗago ya dubi mijin ƙanwarsa, karo na farko tun ranar Laraba.

"Ya kai?"

"Ya kai," in ji Lionel. "Da muka isa ya ce in kashe inji, ba a shiga wurin da ƙara. Na kashe. Na danna maɓalli, ta durƙusa masa shiru. Ya sauka da ƙafarsa, yaya. Ya zauna a ƙasa ya yi waƙarsa har ƙarshe. Ko sau ɗaya bai yi tari ba."

Garnet ya zauna a inda yake, ya dunƙule hannun hagu a kan wayar, ya kifa goshi a gwiwa. Kukan da bai yi ba tun Laraba ya zo masa. Lionel ya matso ya zauna kusa da shi. Dattawa suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Sista ta koma asibiti da jakarta a rufe.

Doreen ta tare Ambrose a bakin fili, ta ce ta gode. Ya ce ta je wurin yayanta, mijinta ba shi ne mai rauni ba.

Washegari da ya fito, mashin yana nan inda ya faɗi, iska ta fara rufe shi da yashi. Sawun mutane ya bi ta dama da shi, ya bi ta hagu, babu wanda ya nufe shi. Ambrose ya tsaya ya karanta su duka, don ya kasa hana idonsa. Akwai na Garnet, ya fito daga gida da sassafe, ya wuce shago, ya tafi rumfar motar asibiti. Ya daɗe tsaye a wurin, dugadugansa sun nutse. Daga nan bai koma gida ba, ya miƙe yamma, hanyar duwatsun nan.

A gefensa akwai wani sawun, na Lionel, taku ɗaya a baya.

Ambrose ya bi su da ido har inda ciyawa ta fara. Wannan karon bai bi ba.